Ƙaramin Ido a Kan Babbar Kyamara

A unguwar Jurf da ke Madina akwai wani gida mai hawa biyu. Masu gidan, Baba Maigandi da matarsa Hajiya Zuliha, su ne a ƙasa. Shi a nan aka haife shi, jikan mahajjatan da suka taho da ƙafa ba su koma ba, kuma ya shekara arba'in yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago kafin wayoyi su kashe kasuwar. Ita kuwa a goye aka shigo da ita daga ƙasar Gobir, da tsagarta a kumatu. Allah bai ba su haihuwa ba.

A sama kuma Malam Lurwanu ne yake haya, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti, da matarsa ma'aikaciyar jinya, da 'yarsu Sundus mai shekara goma sha biyu. Tun tana wata huɗu ake sauko da ita wurin Hajiya Zuliha idan iyayen za su aiki. A bayanta ta yi wayo, a akushinta ta koyi cin tuwo. Inna take ce mata.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa lokaci ne. Kwangilar Malam Lurwanu ta ƙare, an buga musu takardar fita, saura kwana goma sha biyu su koma Sakkwato. Kuma duk hotunan da ke cikin wayar gidan, fiye da dubu uku, babu ko ɗaya na Inna.

Hajiya Zuliha ba ta yarda da hoton waya ba. Ko a wurin biki, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya.

“Hoton waya ƙafa gare shi,” in ji ta. “Yau yana hannunki, gobe yana hannun wani ƙato a Riyad yana shan shayi yana kallona.”

“Inna, wallahi ba wanda zan tura wa,” in ji Sundus.

“Ke ba za ki tura ba, shi zai tura kansa.”

Sundus ta zauna a bakin darduma ta ƙi tashi. Ta ƙi shayi, ta ƙi dabino. Da la'asar ta kawo jiki, Hajiya Zuliha ta gaji, ta ce, “To, ƙawata, ji sharaɗina. Ban da waya. Ban da idon baƙo, ko mai wankin hoto ne. In Malam mijina zai iya da kayansa na da, a wanke shi a gidan nan, a fitar da ɗaya tak, fim ɗin kuma ya zauna a hannuna, na yarda.”

Ta faɗi haka ne tana ganin ta rufe maganar, domin ta san halin da kayan mijin nata suke ciki.

Baba Maigandi ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ya fiddo wata babbar kyamara mai nauyin bulo, wadda ake leƙa ta ta sama. A fuskarta babu komai sai baƙin murfi.

“Wannan lafiyarta lau,” in ji shi, “amma makauniya ce. Idonta ya faɗa cikin kwarmin ban-ruwa a wata gonar dabino a Badar, shekara ashirin ke nan.” Ya fiddo wata ƙarama. “Wannan kuma gawa ce, cikinta ya ci tsatsa, amma ta bar idanu biyu, gajere da dogo. Larabawa adasa suke cewa.”

“A gyara ƙaramar mana, Baba.”

“Ko an gyara ta, fim ɗinta ɗan mitsitsi ne, hoton bai fi farcen babban yatsa ba. Sai an faɗaɗa, na'urar faɗaɗawa kuwa na sayar tun da na rufe shago. Fim ɗin babbar shi ne mai faɗin tafin hannunki. A ɗora shi kan takarda kawai, a haska, hoto ya fito.”

Ya tafi firji, ya laluba bayan robobin dabino, ya dawo da naɗin fim guda biyu a cikin leda. Kowanne hoto goma sha biyu yake ɗauka. Su ke nan suka rage.

Sundus ta ɗauki gajeren idon ta kara a bakin babbar kyamarar. Ya yi mata ƙanƙanta, kamar an sa wa tulu murfin kwalba.

“Ba za su haɗu ba?”

“Ba a yi su don juna ba, ya binti,” in ji shi, wato 'yata da Larabci.

“Ban tambaya ko an yi su don juna ba. Na ce ba za su haɗu ba?”

Baba Maigandi ya dube ta ta saman tabarau. Daga kicin Hajiya Zuliha ta ce, “Ka ji ta ko? Wannan taurin kan a wurinka ta ɗauka, ba a wurina ba.”

Washegari da safe suka je wurin wani maƙeri mai injin gurza ƙarfe, Abdulfattah, tsohon abokin Baba Maigandi. Sundus ce ta yi bayani, rabi Hausa rabi Larabci. A kwance zoben ƙarfen da ke fuskar matacciyar kyamara, wanda idanun ke ɗaurewa a kai. A huda murfin babbar daidai tsakiya. A ɗaure zoben a kan murfin. Abdulfattah ya auna, ya huda, ya ɗaura ƙusoshi huɗu, ya ce shi dai ya taɓa haɗa famfon Jamus da bututun Sin, amma wannan auren bai san ko zai yi ƙarko ba. A gida Sundus ta bi gefen zoben da baƙin salatif, ta ɗaga shi saitin rana ta duba, har ta tabbata babu inda haske ke tsiyaya. Ta murɗa gajeren idon, ya ce ƙas, ya zauna.

Saura kwana tara suka yi ɗaukar farko, a tsakar gida, da hantsi. Hannun Baba Maigandi yana rawa yanzu, idonsa kuma ba ya rarrabe abin da ke cikin gilashin leƙawa, don haka Sundus ce mai leƙawa da dannawa. Amma shi ne mai tsari. Ya kafa kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku, ya fiddo wata tsohuwar igiya mai ƙulle-ƙulle. Da ita ya yi aiki duk zamansa a shago. Ƙulli na farko na hoton fasfo ne, na biyu na rabin jiki, na uku na ango da abokansa. Ya ɗaura bakinta a kyamara, ya ja ƙulli na biyu har haɓar Hajiya Zuliha, ya murɗa idon zuwa lambar da ta dace da wannan nisan.

Sundus ta sunkuya ta leƙa.

“Baba, hazo nake gani.”

“Gilashin leƙawar ne ya tsufa.”

“Ko mayafinta ba na gani. Fari kawai da baƙi.”

“Ya binti, mutum dubu nawa na ɗauka da igiyar nan? Igiya ba ta ƙarya. Danna.”

Ta danna, domin babba ya ce ta danna. Ta murɗa hannun fim, ta sake dannawa, har sau goma sha biyu. Hajiya Zuliha ta zauna ƙiƙam da sabon leshi da turare, kamar turaren zai fito a hoton.

Bayan azahar suka shiga ɗakin ajiya, suka toshe ƙofa da bargo. Baba Maigandi ya dama garin maganin wankin hoto da ya rage masa a ƙunshe, ya naɗa fim ɗin a cikin duhu da yatsunsa kawai, yana ƙirga mintuna da baki. Da suka fito da shi suka ɗaga saitin taga, babu fuska, babu hannu, babu kujera. Dunƙulen toka-toka ne guda goma sha biyu, kamar an zubar da kunu a kan faranti, kusurwoyin kuma wayam.

Baba Maigandi ya daɗe yana dubawa. Sannan ya naɗe igiyarsa a hankali ya sa a aljihu.

“Khalas, shi ke nan,” in ji shi. “Ƙaramin ido ba ya ɗaukar babban fim. Na ɓata miki naɗi guda a banza.”

Malam Lurwanu ya bincika a wayarsa ko za a samu idon babbar kyamarar a saya. An samu, a wata ƙasa mai nisa, sai mako uku zai iso. Ya ce wa 'yarsa ta yi haƙuri, mutum yana riƙe fuska a zuciya. Ta ce masa ita ta manta fuskar kakarta ta Sakkwato da ta gani tana shekara biyar, kuma ba ta son a sake yi mata haka.

Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, ta sauko ta tarar Inna ta yi barci a kan kujera, carbi a hannu, mayafi ya zame. Wayar mahaifiyarta tana hannunta. Ba kowa a falon. Ta dubi wayar, ta dubi Inna. Sai ta sa wayar a aljihu, ta gyara wa Inna mayafin, ta wuce ɗakin Baba ta ɗauko babbar kyamarar, babu fim a ciki.

Abin da ta yi tunani shi ne, hazon da ta gani a gilashi shi ne hazon da ya fito a fim. Ashe gilashin bai yi ƙarya ba. In haka ne, sai ta nemo inda hazon yake yayewa.

Ta rungumi kyamarar a ƙirji, kanta a sunkuye cikin gilashin, tana yawo a gidan. Ta nufi ƙofa, hazo. Ta nufi taga, hazo. Ta murɗa idon hagu, ta murɗa dama, hazo. Ta yi karo da kujera, ta take wutsiyar kyanwa. Hajiya Zuliha ta farka ta ce, “Wannan kuma wace irin ibada ce?” Rannan Sundus ba ta samu komai ba sai ciwon wuya.

Washegari ta ci gaba. Tana cikin tafiya a sunkuye ta zo kan teburin da farantin dabino yake, ba ta sani ba, saura ƙiris bakin idon ya dungure shi. Sai ga ƙwayar dabino ɗaya ta fito a gilashin, ƙatuwa, tsaf, har da tamojin fatarta da wata 'yar tururuwa tana hawa. Ta ja baya kaɗan, ta ɓace. Ta matso, ta dawo.

“Baba! Baba, ta'al, zo ka gani! Yana gani!”

Baba Maigandi ya zo da takalmi ɗaya. Ta riƙe kyamarar ba ta motsa ba, ya auna da hannunsa daga bakin idon zuwa dabinon. Bai kai taƙi guda ba. Ya zauna a kujera, ya ce a ba shi takarda da biro. Ya zana akwati biyu, siriri da mai zurfi.

“Dubi nan. Ƙaramar kyamara siririya ce, idonta kusa da fim yake zama. Babbar cikinta da zurfi. Da muka ɗora mata idon, sai ya yi nisa da fim. Ido kuwa in ya yi nisa da fim, abin kusa kawai yake gani. Lambobin da ke jikinsa na gidansu na da ne, a nan ba su da aiki. Na san wannan tun ina saurayi, wallahi na sani. Amma na ga igiyata a hannu, sai na manta da kaina.”

Hajiya Zuliha ta leƙo. “Taƙi guda? Wato cikin hancina za ku shiga? A kai wa mutanen Sakkwato hancin Zuliha?”

Sundus ta riga ta kwance gajeren idon. “Dogon fa, Baba?”

“Dogon zai ɗan ja baya. Nawa, ban sani ba. Gwada a kaina, ni fuskata ta gama lalacewa.”

Ta ɗaura dogon, ta murɗa shi zuwa ƙarshen nesansa, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙa matsowa taku-taku. Hazo, hazo, sai inuwar kai, sai ga farin gemu yana rarrabuwa gashi-gashi. Fuskarsa ta cika gilashin daga hula zuwa haɓa. Kusurwoyi huɗun sun ɗan yi duhu, amma tsakiyar tas.

“Tsaya nan, kada ki motsa,” in ji shi. Ya fiddo igiyar, ya ja daga kyamara zuwa idonsa. Kamu biyu ne, bai ma kai ƙullin fasfo ba. Ya miƙa mata igiyar. “Ke za ki ƙulla wannan.”

Sun yi kwana biyu suna gwaji babu fim. Sundus ta gano cewa wurin da hoton ke fita sarai bai fi kaurin yatsa biyu ba. In Baba ya yi atishawa, ya fita. In idonsa ya fito, kunnensa ya yi laushi. Ta koyi barin idon kyamarar yadda yake, ta riƙa tura ƙafa ukun gaba ko baya kaɗan-kaɗan. Shi kuma ya lissafa mata haske, ya ce fim ɗin tsoho ne, idon kuma ya yi nisa, don haka a ƙara masa lokaci, mai zama kuwa ya riƙe numfashi.

Saura kwana uku suka ɗora naɗin ƙarshe. A sama an riga an ɗaure akwatuna. Sundus ta zaunar da Inna a inuwar bango, inda hasken safe ke zuwa daga gefe, ta cusa mata matashi a bayan kai. Da ta kafa kyamarar, Hajiya Zuliha ta zare ido.

“Har nan? Ko likitan haƙori bai matso ni haka ba.”

“Inna, kada ki yi magana.”

“A gidana?”

“Hajiya,” in ji Baba Maigandi, “shekara hamsin ina roƙon Allah ya kawo mai faɗa miki haka.”

Ta fashe da dariya daidai lokacin da Sundus ta danna. Ɗaya ya tafi.

“Baba, Allah, ka fita!”

Ya koma bayan ƙofa yana ƙunshe baki. Sundus ta sake leƙawa. Ba ta taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko lokacin da take kwana a jikinta. Tsagar ta taso daga gefen baki ta bazu zuwa kunne, layi-layi, wasu sun nutse cikin tamoji. Akwai ɗan tabo a gira. Kwallin ido ɗaya ya fi na ɗayan kauri. Ta tura kyamarar gaba kamar faɗin ƙwayar shinkafa, har gashin idon ya rarrabu.

“Riƙe numfashi, Inna.”

Ta danna. Ta murɗa. Kafin kowace dannawa sai ta sake dubawa daga farko, ba ta yarda da na baya ba. A na bakwai ƙuda ya sauka. A na tara Hajiya Zuliha ta ce wuyanta ya ƙage, kuma shinkafarta tana kan wuta. A na goma sha ɗaya ta daina ƙorafi, ta dubi yarinyar da ke sunkuye a gabanta. Sundus ta danna biyun ƙarshe.

A ɗakin ajiya wannan karon ita ce mai ƙirga mintuna. Da suka ɗaga fim ɗin saitin taga, ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Na farko baki a buɗe, ya goge. Biyar sun yi laushi, kai ya motsa. Uku ido a rufe. Biyu hanci ne ya fito sarai, idanun suka yi hazo. Na goma sha ɗaya ta tsaya a kansa, ta miƙa wa Baba.

“Ni ba na gani, ya binti. Ke za ki faɗa mini.”

“Ya fito.”

Sai da fim ɗin ya bushe suka koma ciki. Baba Maigandi ya kunna jar fitilarsa, ya ɗora fim ɗin a kan takardar hoto, ya danne da gilashin wani tsohon firam. Sundus ta kunna ƙwan lantarki ta ƙirga zuwa takwas ta kashe. Takardar farko ta yi baƙi da yawa, suka yaga ta nan take, domin ɗaya aka ce. Ta biyu ta ƙirga biyar. Suka tsoma ta a farantin ruwan maganin, tana girgiza shi a hankali, fuskar ta taso daga cikin ruwan, idanun suka fara fitowa, sannan tsagar.

Hoton bai fi tafin hannu ba. Gefensa ya yi duhu, takardar ta ɗan yi toka saboda tsufa, mayafin ya narke cikin bango. Hajiya Zuliha ta goge hannu a zane ta karɓa, ta kai shi bakin taga, ta daɗe.

“Ashe haka na tsufa, Malam, ba ka faɗa mini ba?”

“Ina tsoro.”

“Tsagar mahaifiyata ce sak,” in ji ta, a hankali. Ta juyo. “Ina fim ɗina?”

Sundus ta miƙa mata duka naɗin biyu, har da na hazon. Hajiya Zuliha ta ƙirga ashirin da huɗu, ta naɗe su cikin ƙyalle ta kulle a akwatinta. Sannan ta sa hoton a tafin Sundus ta rufe shi da nata hannun.

“Ba a ɗaukarsa da waya.”

“Ba za a ɗauka ba, Inna.”

“Ko uwarki.”

“Ko Umma.”

Ranar tafiya, da mota ta tsaya a ƙofar gida, hoton yana tsakanin kwali biyu a aljihun jakar da ke rataye a wuyanta, ba ta yarda an sa shi a akwati ba. Kyamarar ta bar wa Baba Maigandi da dogon idon a ɗaure. A hanyar filin jirgi mahaifinta ya tambaye ta ko a ƙarshe na'urar ta gyaru.

Ta ce ba lalacewa ta yi ba. Sundus ta fahimci cewa ƙaramin ido yana aiki a kan babbar kyamara, amma ba ya ganin nesa. Mai son hoto da shi sai ya matsa kusa, kuma sai wanda ya yarda da kai ne zai bari ka matso haka.